Daga Kano Zuwa Boyden: Dare a Gidan Kallon Taurari

Ɗan yayata ne ya ja ni Afirka ta Kudu. Yana karatun digiri na biyu kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar Free State da ke Bloemfontein, kuma tun da ya tafi, duk wayar da za mu yi sai ya ce, "Kawu, kai da kake koyar da fiziks, akwai wurin da ya kamata ka gani kafin ka yi ritaya." Wurin da yake nufi shi ne Boyden, cibiyar nazarin taurari mallakar jami'arsu, wadda ke kan wani tudu a bayan gari. Da hutun Agusta na 2023 ya zo, sai na ce bismillah.

Ba lokacin tafiya ba ne ga mai albashi. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, naira ta faɗi a watan Yuni, ranar da na je Wapa canji sai da na zauna a benci na sake lissafi, domin rand ɗaya ya haura naira 40. Biza kuwa ta ci makonni: takardar gayyata, bayanin asusun banki, katin allurar shawara, sai jira. Da na je sallama, Hajiyarmu ta ji an ambaci taurari, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ba dai duba za ka je koyowa da furfurarka ba?" Na ce mata irin ilimin da ake sanin lokacin salla da tsayuwar wata ne. Ta ce to Allah ya kiyaye hanya.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, washegari muka sauka a filin O.R. Tambo na Johannesburg. Jami'in shige da fice ya juya koren fasfona gaba da baya, ya tambayi inda zan sauka da ranar komawata, sannan ya ce me zan je yi a Bloemfontein. Na ce kallon taurari. Ya yi dariya ya buga hatimi. Na shiga jirgin ƙasan Gautrain, wanda ya ci mini sama da rand 200 a tafiyar da ba ta kai awa guda ba, na canja a Sandton na sauka a tashar Park. Yaron ya riga ya gargaɗe ni kada in fito da waya a bakin tashar, kada kuma in tsaya ina waige-waige kamar baƙo. Na bi umarni, na sayi tikitin bas rand 450.

Tsakanin Johannesburg da Bloemfontein kusan kilomita 400 ne a kan babbar hanyar N1. Na baro Kano ana tsakiyar damina, gero ya yi kai, ko'ina kore shar. Ina ƙetare kogin Vaal na shiga jihar Free State sai na tarar da rani da hunturu a haɗe. Ciyawa ta bushe ta yi fari, an girbe masara an bar kara, filin ya miƙe har inda ido ya gaza, babu komai sai rumbunan siminti masu tsawo, shanu a cikin waya, da famfunan da iska ke juyawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rashin mutane. A hanyar Kano zuwa Zariya ba ka minti biyar ba ka ga gari ko mai tallan rake ba. A nan sai ka yi rabin awa ba ka ga ɗan Adam a tsaye ba. Shingen da ke hanyar na biyan kuɗin hanya ne. Sau ɗaya 'yan sanda suka tsayar da mu, bayan Kroonstad. Wata 'yar sanda ta hau motar, ta bi kujera-kujera tana neman takardun baƙi. Ta duba bizata ta miƙo mini, ba ta nemi na goro ba. Amma wani saurayi da ke bayana, wanda na ji yana waya da wani yaren da ba na ƙasar ba, an sauke shi da jakarsa, motar ta tashi ba shi. Babu wanda ya ce uffan.

Mun isa da daddare. Sanyin da ya tare ni a bakin ƙofar motar ban taɓa jin irinsa ba. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,400, kuma a watannin Yuni zuwa Agusta ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da sifiri da asuba. Rigar sanyin da na saya a Kantin Kwari, wadda nake tinƙaho da ita a Janairu, ba ta yi mini komai ba. Yaron ya kama mini ɗaki a wani gidan baƙi kusa da jami'a, rand 550 kwana ɗaya. Mai gidan dattijuwa ce Baturiya 'yar ƙabilar Afrikana, kowa na ce mata Tannie, wato gwaggo. Ta nuna mini bargon lantarki, sannan ta nuna takardar da ta manna a bango mai ɗauke da sa'o'in da za a ɗauke wuta. Su ma suna fama da ɗauke wuta a shekarar, sai dai tasu da jadawali take zuwa: an ce ƙarfe 8 za a ɗauke, ƙarfe 8 ɗin ake ɗaukewa. Ta yi ta ba ni haƙuri. Ban san yadda zan gaya mata cewa a unguwarmu wanda ya san lokacin da za a kawo wuta ai ya zama malami ba.

Da asuba na tsinci ruwan da ke cikin bokitin tsakar gida ya yi ɓawon ƙanƙara. Na yi alwala da ruwan zafi na shimfiɗa darduma ina neman gabas, sai yaron ya juya ni. A Bloemfontein alƙibla arewa take, da ɗan karkata zuwa gabas, domin Makka tana can sama da su, ba gefe ba. Rana ma da tsakar rana ta arewa take bi, inuwa na faɗuwa kudu. Na san wannan a littafi, na koyar da shi a aji, amma jikina ya ƙi yarda. Duk zaman da na yi sai in ji kamar na ba alƙibla kafaɗa.

Abinci bai ba ni wahala yadda na zata ba. Tuwon masararsu, pap, ɗan'uwan namu ne, sai dai da gasasshen nama da wani yajin wake da tumatir mai suna chakalaka ake ci, babu miyar kuka balle kuɓewa. Naman halal a shagunan 'yan Somaliya, Pakistan da Bangladesh ake samu. Musulmi ba su da yawa a garin, kuma akwai dalili: tsohuwar dokar jihar ta hana Indiyawa zama a cikinta, ba a soke ta ba sai 1986. Na ɗanɗana biltong, busasshen namansu da suke alfahari da shi. Ba laifi, amma wanda ya san kilishin Agadasawa ba zai rikice ba.

Kafin ranar Boyden mun hau Naval Hill, tudun da ke tsakiyar gari. Ana kiransa haka ne saboda manyan bindigogin sojan ruwan Ingila da aka girke a kai lokacin yaƙin Turawan Ingila da Buwa, wato kakannin Afrikana, na 1899 zuwa 1902. A kan tudun akwai gandun namun daji, raƙuman dawa da jakunan dawa suna kiwo, ga gidaje da motoci a ƙasa. Akwai dogon mutum-mutumin Mandela yana kallon unguwar Waaihoek, inda aka kafa jam'iyyar ANC a 1912. A can ƙarshe akwai wata ƙubba. Jami'ar Michigan ta Amurka ce ta gina ta a matsayin gidan nazarin taurari, aka buɗe a 1928. Da aiki ya ƙare aka mai da ita gidan wasan kwaikwayo, sannan a 2013 Jami'ar Free State da abokan aikinta suka mai da ita ɗakin da ake haska hoton sararin sama a jikin rufi. Mun shiga, mun kishingiɗa, an zagaya da mu duniyoyi. Ya yi kyau, amma majigi ne. Ni abin da na zo gani na gaske ne.

Ba kullum ake buɗe Boyden ga jama'a ba, sai an sanar da dare kuma ka yi rajista. Namu ya faɗo a tsakiyar wata. Wani abokin karatun yaron ya ɗauke mu a motarsa da la'asar sakaliya, muka nufi arewa maso gabas, tafiyar kusan kilomita 25, zuwa Maselspoort a gefen kogin Modder. Hanyar ƙarshe siririya ce, tana hawa tsakanin duwatsu da ƙayoyi. Na zaci zan ga katanga da masu gadi da bindiga. Abin da na gani shi ne wasu tsofaffin gine-gine a warwatse kan tudu, ƙubba babba guda, da filin ajiye motoci da ya cika: iyalai da barguna da fulas ɗin shayi, ɗaliban jami'a, da wata doguwar bas da ta kwaso 'yan makarantar firamare daga Botshabelo, garin baƙaƙen fata da gwamnatin wariya ta kafa a 1979 a gabas da birnin. Kuɗin shigar bai kai na abincin rana ɗaya ba.

Wata ɗaliba 'yar ƙabilar Basotho mai digiri na biyu a fiziks ce ta karɓe mu. "Dumela, Ntate," ta ce mini, haka suke gaida babba. Ta tara mu a ɗakin taro, ta ba da tarihin wurin a taƙaice, kuma tarihin ya ba ni mamaki, domin gidan kansa matafiyi ne kamar ni. Wani injiniya ɗan Boston mai suna Uriah Boyden, wanda ya rasu a 1879, ya bar dukiya da wasiyyar a gina wurin kallon taurari a kan tudu mai tsayi. Kuɗin suka faɗa hannun Jami'ar Harvard, wadda ke neman inda za ta ɗauki hoton taurarin kudancin duniya da ba a gani daga Amurka. Suka fara a ƙasar Peru a 1889, suka zauna a Arequipa daga 1891. Gajimare ya dame su, sai a 1927 aka kwance na'urorin, aka loda su a jirgin ruwa, aka kawo su wannan tudun. Daga baya Harvard ta janye, wasu ƙasashen Turai suka riƙe na wani lokaci, a 1976 aka miƙa wa jami'ar garin. A lokacin jami'ar ta farar fata ce zalla. Ta faɗi wannan ba tare da ɗaga murya ba, tana kallon yaran Botshabelo da suka cika layin gaba.

Daga nan aka fito da mu kan rufin ɗakin taron, wanda aka yi shi musamman don tsayuwar jama'a. Aka roƙi kowa ya kashe hasken waya, domin ido na bukatar kamar minti 20 kafin ya saba da duhu, kuma haske fari ɗaya ya isa ya mai da kai farko. Masu aikin jan tocila suke riƙewa. Jinjirin watan Safar yana can yamma yana shirin faɗuwa. Da ya faɗi, sama ta buɗe.

Na tashi a ƙauye, na kwana a tsakar gida shekaru da yawa, ban ɗauki kaina baƙon taurari ba. Amma wannan wata sama ce daban. Farar hanyar taurarin nan da Turawa ke kira Milky Way ta ratsa tsakiyar kanmu, mai kauri, da baƙaƙen ramuka a jikinta. Tauraron arewa babu shi sam, yana ƙarƙashin ƙasa. Ɗalibar ta haska koren haske siriri ta nuna taurari huɗu masu siffar gicciye, waɗanda matafiyan kudu ke gane hanya da su, da wasu biyu masu haske da ke nuna su. Ɗaya daga cikin biyun, Alpha Centauri, shi ne maƙwabcin ranarmu mafi kusa da ido ke gani, amma haskensa sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso. Da ta ji daga Kano nake, ta duba wata manhaja a wayarta ta ce, "Ntate, ai ku ma kuna ganin gicciyen nan. A watan Afrilu da Mayu, can ƙasa-ƙasa ta kudu, in babu ƙura."

Layin da ya fi tsawo shi ne na tsohon madubin hangen nesa mai faɗin inci 13, ƙirar gidan Alvan Clark na Amurka tun shekarun 1880. Wannan ƙarfen ya yi aiki a Peru, ya hau jirgin ruwa, ya ga yaƙin duniya biyu, yana nan yana aiki. Wani dattijo Bature ne ke kula da shi a daren, ɗan ƙungiyar masu sha'awar taurari ta garin, ba ma'aikacin jami'a ba ne, ba a biyansa ko sisi. Yaran na ce masa Oom, wato kawu. Ya ajiye ɗan tsani saboda gajeru. Kowane yaro ya hau sai ya ce masa kada ya taɓa, ya kai ido kawai, ya yi numfashi, ya jira. Za ka ji shiru, sai kuma ihu. Wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta sauko ta zagaya gaban na'urar tana leƙe, wai sai ta ga hoton da aka manna.

Da layi ya zo kaina na gane dalilinta. Zuhal ne, duniyar da Turawa ke kira Saturn, ɗan ƙarami, launin ruwan ƙwai, da zobensa a karkace, tsaf kamar an zana da alƙalami, yana ɗan rawa saboda motsin iska. A gefensa ga ɗigon haske, watansa Titan. Na zana wannan duniyar a allo da alli ba adadi, na ba yara maki a kan ta, ban taɓa ganinta ba sai a daren, ina da furfura. Hasken da ya shiga idona ya baro can fiye da awa guda da ta wuce. Subhanallahi kawai na iya cewa. Dattijon bai hanzarta ni ba. Da na ɗago ya ce mini wannan cibiya tana da tsohuwar alaƙa da Zuhal: daga hotunan da aka ɗauka a Arequipa a 1898 ne William Pickering ya gano watansa Phoebe, wata na farko da aka taɓa ganowa ta hanyar hoto.

Wata tsohuwa da ta rako jikokinta, lulluɓe da bargon nan na Basotho, ta ƙi hawa tsanin da farko. Jikokin suka yi ta "Nkgono, Nkgono," wato kaka, har ta yarda. Ta daɗe a kai fiye da kowa. Da ta sauko ta yi wata magana da Sesotho, mutane suka fashe da dariya. Na tambaya aka ce cewa ta yi: shekarunta duka tana hango wannan ƙubba daga mota, ta ɗauka wurin 'yan sanda ne.

Sauran daren ya tafi da sauri. A wata ƙaramar na'ura mun ga Omega Centauri, dunƙulen taurari miliyoyi a wuri guda. Mun leƙa babbar ƙubba inda madubi mai faɗin mita 1.5 yake, wanda ya fara aiki a 1933. Wannan ba a sa masa ido, kyamara ce a jikinsa, ɗalibai na zaune a wani ɗaki da kwamfuta suna auna taurarin da haskensu ke sauyawa. A wani lungu akwai wata na'ura mai suna Watcher, ta wata jami'a a Dublin ta ƙasar Ayalan, wadda ke juya kanta ba mutum, ta nufi duk inda aka sami labarin fashewar tauraro. Can kudu maso gabas kuma ɗalibar ta nuna mana wani ɗan farin tabo kamar gajimaren da ya ɓace hanya. Ƙaramin Gajimaren Magellan ke nan, tarin taurari mai nisan tafiyar haske ta kusan shekara 200,000. Daga hotunansa da wannan cibiya ta ɗauka a Peru ne Henrietta Leavitt, wata mata da ke aikin ƙidaya a Harvard kan albashin da bai taka kara ya karya ba, ta gano a 1912 yadda za a yi amfani da wasu taurari masu ƙyaftawa a auna nisan sararin sama. Ɗalibar ta fi daɗewa a kan wannan labari, kuma 'yan matan take kallo.

Ina shan shayin rooibos don in ji yatsuna, na tambaye ta ko ba ta ganin daren jama'a na cinye mata lokacin bincike. Ta nuna mini kudu maso yamma, inda hasken Bloemfontein ya rina gindin sama ja. Ta ce kullum garin matsowa yake, kuma manyan na'urorin ƙasar suna can Sutherland da hamadar Karoo, Boyden ba zai yi gasa da su ba. Abin da yake da shi shi ne kusanci: ɗalibi ya taɓa na'ura da hannunsa, ya lalata, ya gyara, yaro kuma ya zo da bas ya koma gida a daren. Ita ma, in ji ta, da bas ɗin makaranta ta fara zuwa.

A hanyar komawa ban yi magana sosai ba, ina ta tunanin sito ɗin makarantarmu. Akwai ƙaramin madubin hangen nesa a ciki, cikin kwalinsa, wanda aka kawo da wasu kayan kimiyya shekarun baya. Yana cikin rajistar kaya, duk mai binciken da ya zo sai ya ƙirga shi ya ga yana nan lafiya, kuma lafiyarsa ƙalau domin babu yaron da ya taɓa sa masa ido. Haka muke da kaya: tsoron kada ya lalace a tuhume ka ya fi son a yi amfani da shi ƙarfi. Kuma mu ne mutanen da suka fi kowa bukatar sama. Duk ƙarshen Sha'aban ƙasar gaba ɗaya ke jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, a yi ta gardama a majalisa kan ko kwana ɗaya ne ko biyu. Tsofaffinmu sun san Zara da Gamzaki, sun san fitowar Kaza da 'Ya'yanta, sun san abin da take faɗa game da damina. Yaran da nake koyarwa sun haddace sunayen duniyoyi takwas da Turanci, amma kaɗan ne cikinsu za su iya nuna maka ko ɗaya a sama.

Komawa ba ta da labari, sai dai Johannesburg ta cika da 'yan sanda saboda taron shugabannin ƙungiyar ƙasashen BRICS da aka yi a Sandton daga 22 zuwa 24 ga Agusta, har na kusa makara. Na sauka Kano cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya.

Da aka koma makaranta na nemi makullin sito. Sai da na rubuta takarda na sa hannu cewa in abin ya lalace daga albashina za a cire. Ƙafa ɗaya ta maƙale, wani mai walda a bakin titi ya gyara ta kan naira 1,500. Mun tsayar da ƙarshen Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙurar hunturu ta sauko, lokacin da Zuhal ke sama bayan magariba, Mushtari, wato Jupiter, kuma na tasowa daga gabas. Shugaban makaranta ya yarda a gayyaci iyaye da limamin unguwa, da sharaɗi guda: 'yan mata su fara shiga layi, domin su isa gida kafin a idar da isha'i.